Amsoshin Tambayoyinku: Shirin hawan tsaunin Denali

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko a yau daga Jos ta fito, daga wani mai sauraronmu da ya ce bara ya hau tsaunin Kilimanjaro na Tanzaniya, yanzu kuma Denali ne a ransa. Yana tambaya ta ina ake bi a isa wurin, kuma kwana nawa ya kamata mutum ya ware.

To Malam, sannu da himma. Denali yana jihar Alaska ta Amurka, can ƙuryar arewa, tsayinsa mita 6,190, kuma duk nahiyar Amurka ta Arewa babu tsaunin da ya kai shi. A takardun gwamnatin Amurka za ka ga ana kiran sa McKinley. Da mita 295 kacal ya ɗara Kilimanjaro, amma don Allah kada wannan ya ruɗe ka. A Tanzaniya 'yan dako ne suka ɗaukar maka kaya, suka kafa tanti, suka dafa abinci. A Denali babu ɗan dako ko ɗaya.

Bayan biza, abu na farko shi ne rajista da hukumar gandun dajin da tsaunin ke ciki, aƙalla kwana 60 kafin ranar hawa. Lokacin hawan gajere ne, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Yuli. In da jagora za ka tafi, kuma shawarar da zan ba ka ke nan, ka tabbata daga cikin 'yan kamfanonin da hukumar ta amince wa ne.

Jirgi zai sauke ka a birnin Ankorej. Daga nan sai mota, kamar kilomita 180, zuwa wani ɗan ƙauye mai suna Talkeetna, inda ma'aikatan gandun za su zaunar da ku su yi muku bayani. Ofishin nasu yana ɗauke da sunan Walter Harper, ɗan asalin Alaska, wanda ya fara taka ƙololuwar tsaunin ranar 7 ga Yunin 1913. Daga Talkeetna sai ƙaramin jirgin sama mai dogayen faranti a ƙafafunsa, wanda ke sauka a kan daskararren kogin ƙanƙara na Kahiltna, a tsayin kimanin mita 2,200.

To a nan ne lissafin kwanaki ke rikicewa. Waɗannan jirage da ido matuƙi ke tuƙa su a tsakanin duwatsu. Ranar da hazo ya rufe, ba mai tashi. Sai ka kwana biyu ko uku a Talkeetna kana kallon sama, haka ma a dawowa, ga ka a gajiye a kan ƙanƙara kana jiran ƙarar jirgi. Hawan kansa, ta hanyar yamma da mahayin tsaunuka Bradford Washburn ya buɗe a 1951, yakan ci mako uku. Saboda haka ka ware wata guda cur, ka sayi tikitin komawa gida wanda ake iya sauya wa rana. Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe, domin mai kallon ranar tikiti shi ke kutsa kai cikin guguwar da ya kamata ya zauna a tanti ta wuce. Kusan rabin masu gwadawa ne ke kaiwa ƙololuwa, kuma juyowa ba abin kunya ba ne.

Sai tambaya ta biyu, daga wata baiwar Allah a Damagaram, wadda ta ce: masu irin wannan tafiya me suke ci, a ina suke samun ruwa?

Malama, guzurin mako uku kowa da kansa yake ɗauka, wani a jakar baya, wani a cikin doguwar tasar roba da yake ja a kan ƙanƙara, sau da yawa fiye da kilo 50. A wurare masu gangara sau biyu ake hawa: yau a kai rabin kaya gaba, a haƙa rami a binne, a kafa sanda don shaida, a dawo a kwana. Gobe a tashi da sauran. Wannan kai-kawon ne ma ke sabar wa jiki da ƙarancin iska. Ramin kuwa sai ya yi zurfi, don hankakin wurin sun ƙware wajen tono.

Ruwa babu ko ɗigo sai wanda aka narkar da risho, shi ya sa man risho ya zama kamar rai, a wurin da sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifili. A ƙasan tsaunin sukan yi tafiya da dare, a ɗaure da igiya ɗaya, lokacin da ƙanƙarar da ta rufe bakin ramuka ta daskare sosai. A watan Yuni gari ba ya yin duhu, ba a ma buƙatar tocila. Shara kuwa, saukowa da ita ake yi. Bayan gida ma, hukumar na ba da gwangwani na musamman, a ciki ake sauko da shi.