Daga Alƙahira: lambar da ta ƙi rabuwa

Assalamu alaikum mutanen Katsina ta Dikko. Yau ina wani shagon shayi kusa da Azhar, kuma bidiyon nan na ƙanena ne da ke Ƙofar Ƙaura, wanda ya aiko yana tambaya wai wace ce lamba marar rabuwa mafi girma da aka sani.

Ku dubi faifan nan. Dabino 12 ne. Mutum biyu za su raba daidai, haka uku, huɗu ko shida. To bari in ƙara guda. Yanzu 13 ne, duk yadda ka juya sai wani ya saura, sai dai mutum ɗaya ya kwashe ko a ba mutum 13 ɗai-ɗai. Marar rabuwa ke nan.

A cikinsu akwai dangin da nake so ƙwarai, masu sunan Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe na ƙarni na 17. Ka jera 2 sau uku ka ninka, ka cire ɗaya, 7. Sau biyar, 31. Sau bakwai, 127. Duk ba sa rabuwa. Amma kada ka saki jiki, ƙanena: sau 11 zai ba ka 2047, wanda 23 sau 89 ne. Shi ya sa dole a gwada kowace.

Amsar tambayarka cikin dangin nan take: a Oktoban 2024 aka gano wadda ta zama mafi girma cikin duk marasa rabuwa da aka sani. Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin NVIDIA, shi ya dace da ita ta shirin GIMPS, inda masu sa kai ke amfani da kwamfutocinsu don neman irin waɗannan lambobi. A jera 2 sau 136,279,841, a cire ɗaya. Alƙalumanta 41,024,320, na ƙarshe 1 ne, kuma ita ce ta 52 da aka sani a danginsu. Da za ka riƙa kiran alƙalami ɗaya duk daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ka haura shekara da wata uku. Amma an tabbatar ba ta rabuwa, da gwajin Lucas da Lehmer, wato hanyar lissafi ta gwada lambobin dangin nan. Wallahi wannan ne ke ratsa ni.

Kowacensu kuma tana haifar da cikakkiyar lamba, wato wadda in ka haɗa masu raba ta, ban da ita kanta, ita ce za ta dawo. Ninka 7 da 4, 28. Tara masu raba ta, 1, 2, 4, 7, 14, sai ga 28 ta dawo.

Ban zo unguwar nan haka kawai ba. A garin nan ɗan Katsina, Malam Muhammad ibn Muhammad Alkatsinawi, ya rasu a 1741, bayan ya yi rubutu a 1732 kan yadda ake tsara hatimin lissafi. Namu ne, kuma da lambobi ya yi hidima.

Ga aikinka kafin Juma'a: jera 2 sau 13, cire ɗaya, ka duba ko akwai mai raba ta da biro da takarda. Ka gaishe min da Inna.