Jawabin Maraba Ga Uwargida Agbani Darego Daga Matan Kakuri Masu Ɗinki

Mai girma babbar baƙuwarmu Uwargida Agbani Darego, iyayenmu masu unguwanni, malamai da fastoci, 'yan'uwa mata, assalamu alaikum, barkanmu da wannan rana.

Ranki ya daɗe, lale marhabin da zuwa Kaduna garin Gwamna. Bari mu sauke kayan da ke kanmu tun yanzu, kada a ɗago mana hannu a ce lokaci ya ƙure: kekunan ɗinki na masana'anta muke roƙo, masu iya huda yadin jins.

Ba sai an gabatar da ke ba. 'Yar Abonnema ta Jihar Ribas, wadda ta tashi a Fatakwal, ta rasa mahaifiya tun tana ƙarama, amma maraici bai karya ta ba. A 2001 kaɗai kika ci sarauniyar kyau ta Najeriya, kika shiga goman farko a gasar Miss Universe, sannan a watan Nuwamba, a Sun City ta Afirka ta Kudu, kika ɗauko kambin Miss World kina 'yar shekara 18, baƙar fata ta farko daga Afirka da ta yi haka. Rawanin bai hana ki komawa aji ba, har kika yi digiri kan halayyar ɗan Adam a Jami'ar New York. Kika buɗe sana'ar tufafi da sunanki. Tun 2017 kuwa, da kika auri ɗan Janar T.Y. Ɗanjuma kika shiga gidansa, mu dai surukarmu muka sani, kuma suruka ba ta zuwa ta koma ba a kai mata kuka ba.

Wannan unguwa da kike tsaye a cikinta, ita ta tufatar da Najeriya. A 1957, zamanin Sardauna, masaƙar KTL ta fara aiki a nan Kakuri, masaƙar UNTL ta biyo a 1964, ga masaƙar Arewa, ga ta Nortex. In jiniya ta kaɗa lokacin canjin aiki, kekuna sun cika titi ke nan, Bahaushe da Bajju da Tibi da Ibo kafaɗa da kafaɗa, mai tuwo da mai ƙosai kowa na ciniki. Atamfar Kaduna har lefe ake sa ta ba kunya. Sai rashin wuta da tsadar baƙin mai da yadin fasa-ƙwauri suka haɗu a kanmu. KTL ta tsaya a 2002, UNTL a 2007. Mazajenmu da yawa sun rasu suna jiran a sake buɗe ƙofa.

A 2002 ɗin nan kuma, da za a yi gasar Miss World a Abuja, wani rubutun jarida ya tayar da tarzomar da ta ci rai sama da 200 a garin nan, aka kwashe gasar zuwa Landan. Ba laifinki ba ne, mun faɗa a gaban kowa. Abin da ke ci mana rai shi ne, duniya ta riƙe sunan Kaduna da wannan, ta manta da masaƙa. Masu gasa sun hau jirgi, mu aka bari da kabari da gari rabe biyu, wannan ƙetaren kogi da wancan. Amma dubi zauren nan: mai hijabi da mai ɗankwali, benci ɗaya muke zama, bashin zare ma tare muke ci.

Hannu muna da shi, ranki ya daɗe. Matan masaƙa ne da 'ya'yansu, yadi ba baƙonmu ba ne. Keken ƙafa ne ba ya jure jins, allura ta yi ta karyewa har mai kaya ya fusata ya kai wani wuri. An sha zuwa a ɗauki hotonmu, a yi alkawari, a tafi. Ki taimaka mana da kekunan nan, in da hali ki gwada mu da ɗinkin kayanki ko kaɗan ne, ki duba da idonki.

Shagon yana bayan zauren nan, mun share wurin da za a girka su. Muna roƙon ki leƙa kafin ki shiga mota. Allah ya mayar da ke gida lafiya, ya raya zuri'a.

Kwamitin Tarbar Baƙi, a madadin matan Kakuri masu ɗinki.