Kuben bindigar wasa: a wajen jiƙa fata aikin ke lalacewa

Kun ga irin bidiyon nan da ke yawo a TikTok: mutum ya tsoma fata a ruwa, ya danna ta a jikin bindigar wasa, sai ga kube ya fito da siffar bindigar sak. Masu kayan kwaikwayo da yaran fim da yawa sun gwada, kuma kukansu iri biyu ne. Wasu kuben ya yi laɓo-laɓo ya ƙi tsayawa, wasu kuma ya ƙanƙance ya tsage. Duka biyun a wuri ɗaya aka kuskure, wajen zaɓen fata da jiƙa ta. Can za mu daɗe yau, sauran kuwa da gudu za mu wuce.

[Kayan aiki a kan tebur]

Ga kayan nan: ƙirgi, kwali, reza, basilla, allura biyu, zare mai kaki, gam, leda, da cokali. I, cokalin cin abinci, za ku ga aikinsa. Wannan kuma ita ce bindigar, ta roba, irin ta finafinan sararin samaniya. Ba ta harba komai.

Kada ku sayi fata guda. Ku je wajen dukawa ku ce ragowar yanka kuke so. In a Kano kuke, Kasuwar Ƙofar Wambai ko Kurmi. Wani wuri kuma ku tambayi mai ɗinkin takalmi na unguwa inda yake saye. Kauri kamar milimita 3 ya isa. Fatar akuya tana da kyau, jar akuyar Sakkwato ma duniya ta san ta, amma ta yi wa wannan aiki siriri, sai dai a haɗa biyu da gam.

[Ana zana kwali, ana yanka]

Naɗe kwalin biyu, kwantar da bayan bindigar a kan naɗin, zana, bar sarari kamar santimita 2 a gefe. Yanka, gwada, ɗora a fata, yanka. Ɗinka madaurin bel tun yanzu, domin in kun rufe kuben hannu ba zai shiga ba. Gam a baki, huda da basilla, tazarar rabin santimita, ɗinki da allura biyu. Hoton ya fi bakina bayani, ku mayar baya ku sake kallo in na yi sauri.

To, mu dakata nan.

Tun kafin ruwa ya taɓa fatar, tambaya ta farko ita ce: da me aka jeme ta? Jima iri biyu ce a kasuwa. Akwai ta gargajiya, wadda majemanmu ke yi da bagaruwa, Turawa kuma da ɓawon itatuwa. Akwai ta masana'anta, da sinadarin kurom, wadda ake yi wa kujeru da jakunkuna da rigunan fata. Ta bagaruwa tana shan ruwa, ta yi laushi, ta bi siffar abin da aka danna mata, in ta bushe ta tsaya a haka. Ta kurom an yi ta ne don ta zauna da laushi. Ko kwana za ku yi kuna dannawa, komawa za ta yi yadda take. Masu kuben da ya yi laɓo-laɓo, ga amsarku. Tsohuwar jakar da kuka farke ce ta yi muku haka.

[Kusa: bakin yanka guda biyu]

Dubi bakin yankan. Wannan ruwan ƙasa ne har ciki, ta bagaruwa ke nan. Wannan kuwa tsakiyarsa toka-toka mai shuɗi, kurom ne. Ga gwaji na biyu: ɗiga ruwa. In ya nutse ya bar duhu, ku saya. In ya tsaya a sama yana gangarewa, ku ajiye musu abinsu.

Yanzu ruwan kansa. Mai ɗumi kaɗan, wanda hannu zai zauna a ciki ba damuwa. Tafasasshen ruwa dafa fata yake yi, ta tsuke, ta yi ƙarfi, ta riƙa karyewa. Masu tsagaggen kube, ko wannan ne, ko kun shanya a rana.

Tsoma. Ƙirga kamar ashirin, ku ga ta yi duhu ko'ina, fitar. Kuma a nan ne masu bidiyo ke yanke hoto su ɓoye muku abin da ya fi komai: jira. Fatar da ke zubar da ruwa ba ta riƙe siffa. Ajiye ta a inuwa. Ku lura da launin, zai fara komawa kusa da yadda yake a da. Ɗora bayan hannu: in akwai sanyi amma babu jiƙa a hannun, lokaci ya yi. Kamar ƙullin alkaki ne, in ya yi ruwa ba ya murɗuwa, in ya bushe ya karye. Ba zan ba ku minti ba, domin damina daban, hunturu daban. Ido da hannu ne agogon.

[Ana naɗe bindigar da leda]

Naɗe bindigar da leda ninki biyu ko uku. Ledar na kare fenti, tana kuma ba da ɗan sararin da za a riƙa zarewa. Sannan in akwai ƙarfe a jiki, ko da kan ƙusa ne, yana haɗuwa da jiƙaƙƙiyar jimar bagaruwa zai bar baƙin tabo da ba ya fita. Dukawa da gangan suke amfani da wannan wajen rina fata baƙa, mu kuwa ba ma so a nan.

Zura bindigar cikin kuben har ƙasa. Fara da babban yatsa, ku yanke farce tukuna, domin kowane kwarzane zama zai yi. Sai bayan cokali. Bi gefen hancin bindigar, bi zagayen kunamarta, a hankali, a maimaita. A ganina nan ne daɗin aikin yake, lokacin da siffa ke fitowa a ƙarƙashin hannunka. Amma kada ku zurfafa dannawa a ramin kunama, in ya bushe zai kama bindigar ya hana ta fita.

Bar ta a ciki awa ɗaya ko biyu, zare a hankali, ajiye kuben a inuwa inda iska ke wucewa har kwana guda. Ba rana, ba bakin murhu, ba na'urar busar da gashi.

[Washegari]

Ji ƙarar da yake yi in an ƙwanƙwasa. Goge baki da ɗan ruwa da ƙyalle, shafa man kaɗanya kaɗan. Kaɗan na ce, mai da yawa zai mayar da shi laushi. In kuna son ya yi kama da tsoho, man takalmi mai ruwan ƙasa a lunguna ya wadatar.

Don Allah, wannan kayan wasa ne na wurin ɗaukar fim ko dandali. A hanya ku sa shi cikin jaka, ku bar bakin bindigar da fenti ruwan lemo, domin daga nesa jami'in tsaro ba zai san roba ba ce.

In kun gwada kun ji ya matse, jiƙa cikin kaɗan da soso, ƙara ninkin leda ɗaya, mayar da bindigar ta kwana a ciki.