Jawabin Maraba ga Mai Martaba a Zangon Watford Gap

Assalamu alaikum. Mai Martaba, Allah ya ja zamaninka. Hakimai da sauran 'yan rakiya, sannunku da hanya.

A madadin Hausawa mazauna wannan yanki na tsakiyar Ingila, muna yi wa Sarki barka da sauka. Da gangan muka roƙi a tarbe ka a nan, bakin babbar hanyar M1, maimakon wani zaure a Landan, don akwai abin da muke so idonka ya gani.

Ranka ya daɗe, an buɗe zangon nan na hutun matafiya ranar 2 ga Nuwamba 1959, rana ɗaya da hanyar kanta. A lokacin ginin bai ma kammala ba, a rumfunan wucin gadi aka fara sayar wa matafiya abinci, sai a 1960 aka buɗe ɗakin cin abincin. Kamfanin Blue Boar ne ya fara riƙe shi, masu gidan mai a tsohuwar hanyar A5 da ke kusa, waɗanda sabon titi zai janye wa ciniki. Daga baya kamfanin Roadchef ya karɓa. Wurin ma da tarihinsa tun kafin mota: ta wannan ɗan tsukin tsakanin tuddai hanyar Romawa ta bi, haka magudanar jiragen ruwa ta Grand Union, haka layin dogo. Mawaƙa irin su Beatles da Rolling Stones sun sha yada zango a nan cikin dare, kuma har gobe mutanen kudancin Ingila na tsokanar cewa daga nan arewa ta fara.

A 2023 Roadchef ya bayyana shirin rushe tsohon ginin, a yi sabo mai wurin ajiye motoci hawa biyu da wuraren cajin motocin lantarki har 150. Dalilin a fili yake. Mai shan mai minti kaɗan ya tashi, mai caji kuwa sai ya zauna jira, dole a tanadar masa wurin zama. Wasu na jin takaicin a taɓa ginin. Ni dai ban ga kyan da za a yi wa kuka ba, ko da yake shayinsu ba laifi.

Abin da muke roƙo, Allah ya taimake ka, ka leƙa filin manyan motoci da ke baya. Direba zai kauce daga kan titi gaba ɗaya, ya samu banɗaki da ruwa da fitila, ya runtsa. 'Yan'uwanmu da ke kwana a gefen kwalta a Tafa da Mararrabar Jos, kan hanyar Abuja zuwa Kano, irin wannan suke bukata, kuma maganar Sarki tana isa inda tamu ba ta kai ba.

An tanadi wurin alwala da sallah, abinci kuma yana jira. Bismillah, ranka ya daɗe.