Sharhi: Nauyin Ƙirji da Ake Kira Olsa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Hunturu ya sauka a Jos. Duk wanda ya fita da asuba a Gangare ko Unguwar Rogo ya san yadda sanyin nan yake ratsa ƙashi. A irin wannan lokaci jijiyoyin jini suna tsukewa, jini yana hawa, aikin zuciya yana ƙaruwa, shi ya sa na ga ya dace yau mu tsaya a kan ciwon ƙirji.

Sau nawa muka je ta'aziyya aka ce mana, "Wallahi lafiyarsa ƙalau, jiya tare muka yi isha'i, olsarsa ce kawai ta tashi da daddare"? An ba shi madara, an jiƙa masa kanwa, an aiki yaro kemis, aka ce a bari gari ya waye. Kafin wayewar garin mai aukuwa ta auku. Kalmar nan ta olsa tana ba ni tsoro ƙwarai, domin ta zama bargon da muke lulluɓe duk wani ciwo da ya taso tsakanin maƙogwaro da cibiya.

Zuciya tsoka ce, kuma ita ma tana da jijiyoyin da suke kai mata jini. Shekara da shekaru kitse yana taruwa a bangon jijiyoyin nan ba tare da mutum ya ji komai ba. Rana ɗaya tarin kitsen ya tsage, jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe. Sashen zuciyar da jini ya daina isa gare shi yakan fara mutuwa cikin kamar rabin awa, kuma naman da ya mutu ba ya dawowa. Wannan shi ne bugun zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 17.9, kuma kashi 85 cikin 100 na waɗannan bugun zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki. Masu hawan jini da ciwon suga da mashaya taba suna kan gaba, ga su kuwa a kusan kowane gida.

To yaya ake gane shi? Ku saurari yadda mai ciwon yake kwatantawa. Sau da yawa ba zai ce zafi ba. Zai ce kamar an ɗora masa buhun masara a ƙirji, ko kamar an ɗaure shi da igiya ana ja. Zai dafe tsakiyar ƙirjin da tafin hannu ko da dunƙulallen hannu, ba zai iya nuna wuri ɗaya da yatsa ba. Nauyin yakan bi kafaɗa ya gangara hannu, galibi na hagu, ko ya hau wuya da muƙamuƙi, ko ya ɓulla ta baya. Sai numfashi ya yi wuya, zuciya tana tashi, jiri yana ɗibarsa. Sannan gumi. Mutum yana cikin sanyin Jos, da rigar sanyi da hula, amma gumi mai sanyi yana keto masa. Idan kun ga haka, ku ajiye zancen olsa.

Iyayenmu mata, da tsofaffi, da masu ciwon suga, su nasu yakan zo a ɓoye. Wata ba za ta ji ciwon ƙirji sosai ba, sai kasala mai nauyi, haki, amai, ko zafi a saman ciki kamar ƙwarnafi. Kuma mun san halin iyayenmu, sai su daure su ce ba komai don kada a tashi hankalin gida. Ranku ya daɗe, Hajiya, Mama, wannan ba wurin kawaici ba ne.

Gaskiya ne ba kowane ciwon ƙirji ne na zuciya ba. Wanda yake ƙaruwa idan an danna wurin ko an juya jiki, sau da yawa na tsoka ne. Amma rarrabewar aikin likita ce, da na'urar ECG mai ɗaukar bugawar zuciya cikin 'yan mintuna, da gwajin jini. Akwai kuma gargaɗin da muke wucewa: mutum ya hau tudu ko ya ɗauki kaya a Farin Gada, ƙirji ya matse, ya huta ya sake shi. Wannan jijiya ce ta fara ƙuntata. A ga likita cikin kwanakin nan, kada a jira.

Idan nauyin ya wuce minti biyar bai lafa ba, ko ya tafi ya dawo, a zaunar da mai ciwon ya jingina, a sassauta masa tufafi. Kada ya tuƙa mota ko babur da kansa. A kira 112, kuma a tashi maƙwabci mai mota ko mai Keke Napep a lokaci guda, wanda ya riga zuwa a tafi da shi. A nufi babban asibiti kai tsaye, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Filato, ko asibitin Jankwano. Ana iya ba shi asfirin mai miligiram 300 ya tauna, muddin jikinsa ba ya ƙinsa, kuma ba ya fama da zubar jini ko gyambon cikin da likita ya tabbatar. Addu'a kuwa a yi ta, amma a cikin mota, ana tafiya.

Da an isa, a faɗa wa ma'aikacin farko da aka gani cewa nauyin ƙirji ne da gumi, a faɗi ƙarfe nawa ya fara. Maganin da yake narkar da daskararren jinin ya fi aiki a sa'o'in farko, kuma da wannan lokacin likita zai yi lissafi.

Idan kuwa ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa, a danna da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya. Wanda ya gaji wani ya karɓa, kada a tsaya har sai ma'aikatan lafiya sun karɓe shi.