Mai gadin da ke cikin ƙwayoyin jikinmu, p53

Assalamu alaikum jama'a. Kafin mu fara ku ɗan ɗaga hannunku ku kalli yatsunku. Lokacin da kuke cikin mahaifa, a watanni biyun farko, hannun nan kamar ƙafar agwagwa yake, yatsun duk a manne da fata. To ina fatar ta tafi? Ƙwayoyin halittar da ke tsakanin yatsun ne suka mutu, kuma ba cuta ce ta kashe su ba, lokacinsu ne ya yi suka kashe kansu cikin tsari. A 1972 wasu masana uku a Aberdeen ta Sikotlan, Kerr da Wyllie da Currie, suka raɗa wa abin suna afoftosis, kalmar Girkanci ce mai nufin karkaɗewar ganye daga bishiya. Kuma yau ɗin nan biliyoyin ƙwayoyi za su mutu haka a jikinka ko a jikinki.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, yawancinmu mun ɗauka cutar kansa, wato ciwon daji, ƙari ne kawai da ke ta girma, to wannan rabin labarin ne, ɗaya rabin shi ne ƙwayar da ta lalace ya kamata ta mutu amma ta ƙi mutuwa. Wanda ke yanke hukuncin nan kuwa wani furotin ne ana ce masa p53.

A 1979 aka gano shi, David Lane da Lionel Crawford a Landan, Arnold Levine kuma a Princeton ta Amurka. Kusan shekara goma ana zarginsa cewa shi ke haddasa kansar saboda ana ta ganinsa jibge a cikin ƙwayoyin kansa, ashe lalataccen ake gani. Sai a 1989 su Bert Vogelstein suka nuna da ciwon dajin hanji cewa lafiyayyen hana ƙari yake yi.

Ga yadda yake aiki. In lafiya ƙalau ake, jiki na ƙera p53 wani furotin kuma mai suna MDM2 na bi yana rushe shi, don haka ɗan kaɗan ne ke nan ko da yaushe. Amma da zarar DNA, wato rubutun umarnin gado da ke cikin kowace ƙwaya, ta samu rauni, ko daga hayaƙin sigari ko wata guba ko kuskure wajen kwafi, sai a ɗaure wa MDM2 hannu, p53 ya taru. Abu na farko sai ya tada p21, wannan birki ne, ƙwayar ta dakata da rabuwa masu gyara su shiga. In an gyaru shi ke nan. In ɓarnar ta fi ƙarfin gyara fa, to nan ne zai kira wasu furotin biyu, PUMA da BAX, su je su huda mitokondiriya wato injin wutar ƙwayar, wani abu mai suna saitokurom c ya tsiyayo, shi kuma ya farkar da kasfes, almakashi ne su, su daddatsa komai na ciki, ƙwayar ta tsuke ta rarrabu ƙanana ƙanana, masu shara na jiki su zo su lamushe, ba kumburi ba mugunya, maƙwabta ma ba su cutu ba. Wallahi duk sanda na karanta wannan sai jikina ya yi sanyi.

To kusan rabin kansar da ake samu a jikin ɗan Adam, in aka duba sai a tarar jinsin gadon da ke ƙera p53 ya lalace. Mu kwafi biyu gare mu, ɗaya na uwa ɗaya na uba. Giwa kuwa, binciken 2015 ya nuna tana da wajen 40, kuma duk girman jikinta kansa ba ta cika kashe ta ba.

Yanzu bari mu dawo gida. Kun san gyaɗar nan da aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba, ka ɓare ka ga ta yanƙwane ta yi kore-kore, ka tauna ka ji ɗaci? Ko masarar da danshi ya taɓa a rumbu? Fumfunar nan na fitar da guba mai suna aflatokzin, hanta ce ke karɓarta, kuma gubar tana zuwa ta ɓata p53 a wuri takamaimai, gurbi na 249 a rubutun DNA ɗinsa, harafi ɗaya tak ta canza mai gadi ya daina aiki. An ga wannan tabon sosai a masu kansar hanta a Gambiya da yankin Qidong na Sin, kuma in ta haɗu da ciwon hanta nau'in B haɗarin ninkuwa yake yi. Suya ba ta kashe gubar, ƙuli-ƙuli ko tunkuza da aka yi da irin gyaɗar nan suna ɗauke da ita, don Allah iyayenmu mata in ana tsintar gyaɗa a zubar da ruɓaɓɓun, kar a ce asara ce a haɗa a niƙa, a kuma shanya a kan tabarma ko leda ba a ƙasa ba har sai ta bushe ƙarau.

Sai sankarar bakin mahaifa. Ƙwayar cutar HPV da ke jawo ta, ita dabararta daban, tana ƙera furotin mai suna E6 wanda ke kama p53 ya sa ƙwayar jikin ta rushe mai gadinta da kanta, shekaru na tafiya ɓarna na taruwa ba mai tsawatarwa. Wannan kam akwai rigakafi, Najeriya ta fara yi wa yara mata 'yan shekara 9 zuwa 14 kyauta tun watan Oktoba na 2023, ta ciwon hanta B kuma jariri ake fara yi wa da zarar an haife shi, ku tambaya a asibitin sha-ka-tafi na unguwarku.