Shafin Wasanni da Kwalbar da ke Gefensa

Jama'a masu sauraro, a makon da ya gabata wani abokina ya nuna mini hoton shafin baya na wata tsohuwar jaridar Turanci ta shekarun 1970, takardar ta yi jawur don tsufa, gara kuma ta ɗan ci gefenta. Sama da rabin shafin labarin wasan ƙwallon ƙafa ne, da sunayen 'yan wasa goma sha ɗaya na kowane ɓangare, da mintin da aka zura kowace ƙwallo, a ƙasa kuma ga tallar giyar Star, kwalba tana gumi kusa da kofi mai kumfa. Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda waɗanda suka ga hoton suka kasu biyu, wasu suna yabon zanen tallar suna kewar zamanin da, wasu suna cewa a goge shi tunda akwai barasa a ciki. Ko mutum ɗaya bai tsaya ya karanta labarin wasan ba.

Ni ba ni da wata kewa ga tallar giya. An fara yin Star a Legas a 1949, kamfaninta ya buɗe masana'anta a Kaduna a 1963, kuma ya riƙa sayen fili a shafin wasanni ne domin ya san nan idon samari yake fara sauka. Ciniki ne kawai, ba al'ada ba. Masu cewa a goge kuwa, ina roƙonsu su leƙa wayoyin 'ya'yansu, su ƙirga tallar caca nawa ke faɗo musu kafin su ga sakamakon wasa ɗaya.

Labarin wasan nake magana a kai. A 1972 Mighty Jets ta Jos ta ɗauki kofin gasar ƙasa na farko. A 1978 Raccah Rovers ta Kano ta ɗauka, kuma a shekarar ce Pele da kansa ya shiga fili a Kaduna ya kara da ita sanye da rigar Fluminense ta Brazil. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ɗauki kofin ƙalubale sau biyu a jere, 1991 da 1992. To, wa ya rubuta yadda aka yi waɗannan wasanni, wa ya tsare gida, wa ya ɓarar da fanareti, wane alƙalin wasa 'yan kallo suka yi wa ihu? Wakilan jaridu ne irin su New Nigerian, wadda ta fara fitowa a Kaduna a 1966, masu zama a bakin fili da biro da ɗan littafi, su garzaya ofis kafin a rufe shafi. Jaridar ta daina fitowa, yawancin wasannin kuma babu wanda ya ɗauke su a faifan bidiyo. Irin wannan takarda mai jan launi ita ce kaɗai shaidar da ta rage, ita kaɗai!

Wataƙila a ce ai akwai kwafi a cibiyar binciken tarihi ta Arewa House da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, kuma ina fata haka ne ga kowace fitowa. Amma takarda takarda ce, damina da gara ba su san darajarta ba, kuma ba kowane yaro ne zai yi tattaki daga Maiduguri zuwa Kaduna don ya karanta labarin El-Kanemi ba. Abin da ya kamata hukumomin wasanni na jihohi su yi shi ne su ɗauki nauyin ɗaukar hoton shafukan nan ɗaya bayan ɗaya, a saka su a intanet, da tallar da komai, yadda aka buga su. Kuɗin da za a kashe ba zai kai na sayen baƙon ɗan wasa ɗaya ba.

Jiya da daddare na tsaya a ƙofar wani gidan kallon ƙwallo a unguwarmu, na tambayi samari wa ya taɓa jin sunan Raccah Rovers. Wani da ya gama lissafo mini 'yan benci na Arsenal ya ce ko sabuwar ƙungiya ce a Ingila.